Ganau a Ɗakin Jarrabawa

Ƙanena ya zauna jarrabawar neman aiki ta kwamfuta, ya dawo gida Daura yana huci. Tambayar da ta tsaya masa a rai ita ce: an ce duk manoma masu arziki ne, Audu kuwa manomi ne, shin Audu mai arziki ne? Ya zaɓi "ba lallai ba". Hujjarsa, ya san manoman gero a hanyar Mai'aduwa da ko kuɗin taki ba su da shi.

Ni da nake rubuta manhaja na san "e" ake so. Ba a tambaye shi ko maganar gaskiya ce ba. An ce ne ya ɗauka haka take, ya bi ta inda ta kai shi. Aikina ke nan kullum, domin kwamfuta ba ta musu, abin da ka ba ta shi take ginawa a kai, ko da ƙarya ce. Ilmin ma ba baƙo ba ne a wurinmu, malaman zaure sun daɗe suna karantar da manɗiƙi.

Amma ban iya cewa yaron bai yi tunani ba. A 1931, masanin nan na Rasha, Alekzanda Luriya, ya yi wa manoman Uzbekistan da ba su yi makaranta ba irin wannan tambaya, kan launin wata dabba a can arewa mai dusar ƙanƙara. Da yawansu suka ƙi amsawa, suka ce ba su taɓa zuwa can ba. Mu ma haka aka rene mu: gani ya kori ji, kuma shaidar ganau ake nema gaban alƙali.

To me jarrabawar ke aunawa? Iya ajiye abin da ka sani na ɗan lokaci. Gwaninta ce mai amfani, koyonta ake yi kamar saƙa, kuma wanda iyayensa suka biya masa kuɗin darasi ya riga ya san dabarar. Abin da ke damuna shi ne sunan da aka laƙaba mata, wai awon hankali. Wanda ya faɗi zai tafi gida da zaton kansa ne babu komai. Kuma ma'aikatar da ta tace ta ɗebi masu karɓar magana ba bincike, wa zai duba mata takardar bogi?

Na zaunar da shi na koya masa dabarar a dare ɗaya. Da muka gama ya ce, "Yaya, na gane. Amma fa Audun nan talaka ne."