Ɗan Batirin da ke Cikin Makullin Motarka

Ɗana, wata Juma'a bayan an idar da salla a Zangon Agege na tarar da wani matashi tsaye jikin Camry, hadari ya haɗo, yana ta latsa makulli, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Mutane sun kewaye shi, kowa da fatawarsa. Wani ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone, wani ya ce a nemo mai jan mota. Har wani mai yankan makulli ya yanka masa kuɗin sabon rimot, yaron ya fara lalube aljihu. Na karɓi makullin, na danna wani ɗan maɓalli a gefensa, na zaro siririn mabuɗin ƙarfe da ke ɓoye a ciki. Shekara biyu yana yawo da shi bai san yana nan ba. Muka buɗe ƙofa da shi, na ce ya taka birki ya manna rimot ɗin a jikin maɓallin tayar da mota, sannan ya danna. Mota ta tashi. Abin da ya mutu ɗan batir ne wanda bai kai faɗin kwabo ba.

Abin ya tsaya mini a rai, domin iyayenmu da suka biyo jirgin ƙasa zuwa Ikko suka zauna a Agege saboda goro da shanu ba haka suka riƙi kayan sana'arsu ba. Mai goro yakan kwance huhu ya tsince wanda sankara ta taɓa tun bai lalata sauran ba. Kai kuma ka tara kuɗin shekaru ka sayi tokumbo, amma abin da ke buɗe ta ba ka taɓa leƙa cikinsa ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Batirin nan ba ya mutuwa bagatatan, sai ya yi sallama. Da kana buɗe mota daga bakin shago, yanzu sai ka matso kusa. Da latsawa ɗaya ta isa, yanzu sai biyu ko uku. Wasu motocin ma sukan rubuta maka gargaɗi a gaban sitiyari. Galibi shekara biyu zuwa huɗu yake yi, kuma makullin da ake barinsa a aljihu a danna maɓalli ya fi saurin shanye shi, domin dare da rana yana sauraron motar. Da ka ga alamar farko, ka canja shi a ranar. Kada ka bari sai ya yanke maka a garejin Oko-Oba da asuba, ko a ƙarƙashin gadar Pen Cinema da iyali a tsaye cikin ruwa.

Aikin ba ya buƙatar bakanike. Zare mabuɗin ƙarfen, za ka ga ɗan tsagi, ka sa bakinsa ko ƙaramin sukundireba ka murɗa a hankali har ɓawon ya rabu biyu. Ka yi wannan a kan tebur ko faranti, ba a bakin kwata ba, domin wasu makullan suna da wata 'yar ƙwaya baƙa a ciki wadda da ita mota ke gane mai ita. In ta faɗi ta ɓace, ko ka sa sabon batir injin ba zai tashi ba. Kafin ka ciro tsohon, ɗauki hotonsa da waya don ka tuna inda fuskar mai alamar + take kallo. Sannan ka karanta lambar da ke jikinsa. CR2032 na nufin faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2. CR2025 faɗinsu ɗaya amma kaurinsa 2.5, CR2016 kuwa 1.6. Akwai CR1632 da CR1616 masu faɗin milimita 16. Dukkansu bolt 3 suke bayarwa, shi ya sa mai sayarwa zai ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Siriri a gurbin mai kauri lilo zai riƙa yi, yau ya yi aiki gobe ya ƙi, mai kauri a gurbin siriri kuwa ya lanƙwashe ƙarafan ciki. Ka tafi da tsohon a hannunka, ka sayi wanda ke rufe a kwalinsa, ka duba shekarar da aka buga a jiki. Wanda ya sha rana da laimar Legas a kan tiren talla, araha ba ta ado. Ka riƙe sabon ta gefe, kada gumin yatsa ya shafi fuskokinsa.

In ka canja bai yi ba, ka sake duba fuskar da ka kifa kafin ka nufi kasuwar kayan mota ta Ladipo. In kuwa dole sai sabon rimot, ka faɗa musu inda motar ta fito, domin na Amurka yawanci a kan zango 315 suke magana, na Turai 433, kuma ɗaya ba ya jin ɗaya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ina roƙonka ka nutsu. Tsohon batirin da ka ciro, wanda kake cewa ya mutu, bai mutu ba. Ya gaza buɗe mota ne kawai, amma da sauran wuta a cikinsa. Gidajenmu na Agege ka san su: ɗaki ɗaya ko biyu, tsakar gida ɗaya, yara suna rarrafe ko'ina, abin da ya yi ƙyalli baki suke kai shi. Idan yaro ya haɗiye wannan batir ya maƙale masa a hanyar abinci, yawu yakan haɗa wutar, sai ta haifar da wani ruwa mai cin nama irin sodar sabulu. Cikin awa biyu yana iya ƙona wurin, in an jinkirta ya huda har jijiyar jini. Abin tsoron shi ne da fari yaron yana iya ci gaba da wasa, ko ya ɗan yi tari da dalalar yawu da ƙin abinci, uwa ta zaci mura ce ko haƙori. A Amurka sai da aka kafa doka a 2022, mai ɗauke da sunan wata yarinya, Reese, da irin wannan batir ya yi ajalinta, don a tilasta rufe mazauninsa yadda yaro ba zai buɗe ba. Mu nan, tsaron yana hannun uba.

In har kun yi zargin yaro ya haɗiye, ko ba ku tabbata ba, kada a sa shi amai, kada a tsaya jiƙo, kada a ce bari a ga safiya. A ɗauke shi zuwa babban asibiti, na Orile-Agege ko asibitin koyarwa na Ikeja, a faɗa wa likita ƙarara cewa batir ne, a ɗauki hoto. Likitoci sun yi bayanin cewa yaron da ya haura shekara ɗaya ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk bayan minti goma a kan hanya, har sau shida, don ta rage ƙunar. Jariri ɗan ƙasa da shekara ba a ba shi zuma. Kuma zumar ba ta fitar da batirin, likita ne ke ciro shi.

Saboda haka da ka ciro tsohon, tun kafin ka rufe makullin, ka naɗe shi da salatif gaba da baya, ka fitar da shi daga gidan. Kada ka jefa shi a aljihun kaftani, kada ka bar shi a kan taga. Ragowar sabon ka kulle shi inda kake kulle kuɗi. Kuma ka daina miƙa wa yaro makullin mota don ya yi shiru, domin ɓawon da aka taɓa ɓamɓarewa da faɗuwa ɗaya yake buɗewa. Yau da daddare, ɗana, ka kira uwar 'ya'yanka ka nuna mata batirin nan da idonta, ka gaya mata abin da za ta yi in ba ka gida.