Mai Rubutu Mai Ba Da Shaida Ne



A cikin shekarar 2001 ne waɗansu Amurkawa biyu, Jimmy Wales da Larry Sanger, suka kafa wani kundin ilmi a intanet mai suna Wikipedia. Abin da ya bambanta shi da sauran littattafai shi ne ba shi da marubuci guda ɗaya. Duk wanda ya ga dama yana iya shiga ya ƙara bayani, ko ya rage, ko ya goge abin da wani ya rubuta. A yau ana rubuta shi cikin harsuna fiye da 300, har da Hausa, kuma ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan kowacce tana da shafinta a ciki. Baƙon da ke Legas ko Landan, in yana son sanin waɗannan garuruwa na ƙasar Zazzau, sau da yawa can zai fara dubawa. Saboda haka saurayin da ya ɗauki wayarsa ya gyara shafin garinsu shaida ya bayar a gaban duniya, ko ya sani ko bai sani ba.

To, inda aka haɗu da yawa ba a rasa gardama. A ƙaddara wani ɗan Kudan ya rubuta cewa garinsu ya girmi Hunƙuyi, inda hedkwatar ƙaramar hukumar take, sai ɗan Hunƙuyi ya goge ya rubuta akasin haka, shi kuma na farko ya komo ya mayar da nasa. Ko kuwa a ƙaddara masoyin tsohon Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi, wanda ya mulki Jihar Kaduna daga 1999 zuwa 2007, yana son a cika shafinsa da yabo zalla, alhali abokin hamayya yana son a cika shi da suka. Irin wannan ja-in-ja shi ne masu kundin ke kira yaƙin gyara. Domin kashe wutarsa suka kafa ƙa'idoji: a kawo kowane ra'ayi mai nauyi ba tare da goyon wani ɓangare ba, a nuna littafi ko jaridar da aka samo magana, kada mutum ya shigar da binciken kansa wanda ba a buga ba. A sashen Ingilishi har an hana mutum soke gyaran wasu fiye da sau uku cikin awa 24 a shafi guda, sai dai ya tafi shafin tattaunawa ya kawo hujja.

Musulmi bai kamata ya ji waɗannan ƙa'idoji baƙi ne gare shi ba. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umurni da a binciki labari kafin a yi aiki da shi. Aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta wajabta tsayar da shaida saboda Allah, ko da a kan mutum kansa ne ko iyayensa ko danginsa. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida kuwa ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a ƙi yi musu adalci. Watau ƙofofin son rai guda biyu, ta ƙauna da ta ƙiyayya, duka an toshe su.

Malaman Hadisi sun nuna yadda ake aiki da wannan. Ba sa karɓar magana sai an faɗi wanda ya ji ta daga wane, har zuwa tushe. Aliyu bin Madini, malamin Imamu Buhari, da aka tambaye shi matsayin mahaifinsa wajen ruwaya, sai ya bayyana cewa yana da rauni, domin al'amari ne na addini. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya lissafa ɗaukar ɓangare a cikin manyan dalilan da ke shigar da ƙarya cikin tarihi. Wanda zai iya faɗin raunin mahaifinsa, ina zai ɓoye na garinsu ko na jam'iyyarsu?

Wani zai ce, ta yaya mai imani zai tsaya tsakiya a kan abin da ya yi imani da shi? Amsar ita ce, ba a ce ya bar aƙidarsa ba. An ce ne ya jingina kowace magana ga mai ita. In zai yi bayanin saɓanin da ke tsakanin ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, da mabiya ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya, sai ya faɗi abin da kowane ɓangare ke cewa ta yadda in masu ra'ayin suka karanta za su yarda haka suke faɗi. Shaharastani ya ɗaukar wa kansa irin wannan alkawari a littafinsa na Milal wan Nihal tun a ƙarni na 12, ya kawo ra'ayin kowace ƙungiya kamar yadda yake a wurin masu shi. Haka nan maƙwabcin da ba Musulmi ba yana da haƙƙin a faɗi labarinsa daidai. Wa'azi yana da mumbarinsa, kuma kundin tarihi wurin shaida ne.

Duk da haka, ba a ce kundin ya tsira daga son rai ba. A shekarar 2008 Musulmi masu ɗimbin yawa sun sa hannu a takardar koke domin a cire zane-zanen da ake jingina wa Manzon Allah (S.A.W.) daga shafin Ingilishi, amma masu kula da shi suka ƙi. Wannan ya nuna cewa abin da ake kira tsaka-tsaki yakan karkata wajen waɗanda suka fi yawa a cikin masu rubutu. Har ila yau, da yake ba a karɓar sai abin da aka buga, tarihin da ke bakin dattawa yakan zama tamkar babu shi. Noman rake da mazarƙwailar Maƙarfi da Kudan, da tumatirin Ikara, da jerin hakimai da limamai da makarantun allo na waɗannan garuruwa, duk sun cancanci bayani mai faɗi, amma abin da ba a rubuta ba ba shi da mai tsaya masa a wurin gardama.

Maganin wannan kuwa ba zagi ba ne, ba kuma goge aikin mutane da dare ba. Maganinsa shi ne malamai da ɗaliban ilmi na yankin su zauna da dattawa tun suna raye, su rubuta abin da suka ji tare da sunan wanda ya faɗa, su kawo ruwayoyin da suka saɓa wa juna duka, sa'an nan a buga a jarida ko littafi. Shi kuma mai gyara, kafin ya taɓa shafi, ya tambayi kansa abu uku: Daga ina na samo wannan magana? Da a kan garinmu ko malaminmu aka rubuta ta, zan yarda an yi adalci? In aka kawo hujjar da ta fi tawa, zan janye? Wanda ya ɓuya a bayan sunan aro ya tuna cewa mala'iku masu rubutu sun san sunansa na gaskiya, kuma ƙaryar da aka rubuta takan daɗe tana yawo bayan an binne mai ita.

Allah Ya sa alƙaluman Musulmi su zama hujja gare su ranar gobe ƙiyama, Ya kiyashe su daga shaidar zur. Amin.