Rufin Asirin Wanda Aka Taimaka

A shekarun 1980, wanda ya shiga wasu majami'un Yahudawa a Amurka ko Ingila ko Kanada ranar Asabar da hantsi yana iya tarar da kujera guda ba kowa a kanta, a kan dandamalin da ake karatu. An yafa mata farin mayafin addu'a mai geza, an jingina takarda ɗauke da sunan wani yaro da garinsu, Mosko ko Leningrad ko Kiyef. Yaron da ake yi wa biki zai miƙe ya karanta rabonsa na Attaura da Ibrananci, muryarsa na rawa, sannan ya shaida wa jama'a cewa karatun nan na mutum biyu ne, shi da mai waccan kujera, wanda hukumar ƙasarsu ta hana shi koyon ko baƙi ɗaya na abin da aka karanta.

Bikin shi ake kira bar mitzba in na namiji ne, bat mitzba in na mace ne. Namiji a shekara 13, mace a 12, ko 13 a wasu ɗarikunsu. Daga ranar ana ɗaukar yaro ya balaga a addini, laifinsa da ladansa suna wuyansa, kuma ana lissafa shi cikin mutum goman da sai sun cika ake yin wasu addu'o'in jam'i. Uba ma yana da godiyar da yake yi don an sauke masa nauyi. Na mata bai daɗe ba: a Amurka an fara shi a New York a 1922, da Judith Kaplan, 'yar malami Mordecai Kaplan. Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne walimar saukar Alƙur'ani, yaro ya yi karatu gaban manya, dangi su taru, a ci a sha, a yi masa kyauta.

Haɗa yaron biki da wani yaro na nesa, a ce sun zama tagwaye ko da ba ciki ɗaya ba, al'ada ce da ta zo daga baya. Na san akwai mai karatun da da jin Yahudawa hankalinsa zai tafi Falasɗinu. Wannan magana ce babba mai wurinta. Tawa a nan kan yara ce, da kan ɗabi'a guda da kowace al'umma take jarrabuwa da ita: rufa asirin wanda ka taimaka, da sanin yaushe kiran sunansa a taro kariya ne, yaushe kuma tonon silili ne.

A Tarayyar Sobiyat kariya ne. Bayahuden da ya nemi izinin barin ƙasar aka hana shi, sau da yawa aikinsa ne ke fara tafiya. Injiniya ya koma gadi ko hura tukunyar ɗumama gida, in kuma bai sami komai ba, dokar hana zaman kashe wando tana jiransa. Koyar da Ibrananci a ɗaki ya kai mutane kurkuku. A 1983 aka yanke wa Yosef Begun shekara 7 a ɗaure da 5 a kore. A 1984 aka kama Yuli Edelstein aka ɗora masa tuhumar ƙwaya, mutumin da daga baya ya zama kakakin majalisar Isra'ila. Natan Sharansky tun 1977 yake tsare, bai fito ba sai Fabrairun 1986. A 1979 an bar Yahudawa sama da 51,000 sun fita, a 1984 kuwa ko dubu ɗaya ba su kai ba. Iyalan da suka maƙale sun gane abu guda: wanda ba a san shi a waje ba, shi ake yi wa abin da aka ga dama. Don haka su da kansu suke neman a san su, ƙungiyoyin da ke fafutuka dominsu su tattara sunaye da adireshi su rarraba wa majami'u.

Sai a buga sunan yaron Mosko a katin gayyata kusa da na mai biki. Ana koya wa yara su aika wasiƙa mai rajista, kada su taɓo siyasa, su yi hirar makaranta da ƙwallo da yanayi kawai. Wasiƙu da yawa ba su isa ba, da yawa ba su sami amsa ba. Amma ko wadda ta tsaya a teburin jami'in tacewa ta isar da saƙo, cewa akwai idon da ke kan wannan gida. Yaran da suka yi haka da iyayensu suna cikin al'ummar da ta tara mutum kusan 250,000 a Washinton ranar 6 ga Disamba 1987, jajibirin isowar shugaban Sobiyat Gorbachev. A wannan hali, ɓoye suna shi ne zai zama cin amana.

Da ƙofofi suka buɗe, Tarayyar Sobiyat ta rushe a 1991, al'adar ba ta mutu ba, sai ta nemi sababbin tagwaye. Wasu ta same su cikin matattu. Yaran Yahudawa kimanin miliyan 1.5 ne 'yan Nazi da masu taya su suka kashe, da yawansu ba su kai shekarar balaga ba. Cibiyar Yad Vashem da aka kafa a Birnin Ƙudus a 1953 tana haɗa yaron biki da ɗaya daga cikinsu, sau da yawa mai suna irin nasa, ko ranar haihuwa ɗaya, ko daga yankin da kakanninsa suka fito. Tana ciro bayanin ne daga takardun shaida da 'yan uwa da maƙwabta suka cike. A nan ma suna shi ne kan gaba, domin shi aka yi niyyar shafewa. Yawancin yaran da aka kai sansanin Auschwitz ko lambar da ake zana wa fursuna a hannu ba a yi musu ba, daga jirgin ƙasa sai ɗakin iskar guba. Wanda aka yi wa haka, faɗin sunansa da garinsu da sana'ar ubansa haƙƙinsa ne, kuma ba kunyar da za ta kama shi.

Wahalar tana ga kashi na uku na tagwayen: yaro rayayye wanda ba hukuma ce ta danne shi ba, talauci ne. Maraya, ko ɗan gidan da ba su da halin sayen mayafin addu'a da akwatunan fatar da ake ɗaurawa a hannu da goshi, balle su ciyar da baƙi. Ko ɗan Yahudawan Habasha, waɗanda aka kwaso kimanin 8,000 daga cikinsu zuwa Isra'ila ta Sudan a ƙarshen 1984 da farkon 1985, aka kuma kwaso sama da 14,000 daga Addis Ababa cikin sa'o'i 36 a Mayun 1991. Ƙungiyar NACOEJ, da aka kafa a Amurka a 1982 domin su, tana cikin masu wannan haɗi. Yaron biki a New Jersey, alal misali, ya ware wani abu daga kuɗin kyautarsa, ya tafi ga tagwansa. Niyyar ba laifi, kuma kuɗin yana aiki.

Amma a duba abin da ya sauya. An gaji tsarin da aka gina don yayata suna, aka ɗora shi kan yaron da mai yiwuwa babban burinsa kada abokansa su san cewa kayan da ya sa ranar bikinsa wani ne ya saya. Ɗan shekara 13 ya fi kowa jin kunya. Yau kuma abin da aka faɗa a zauren biki a Amurka, aka ɗauka a waya aka ɗora a Facebook ko Instagram, kafin dare yana iya kaiwa ajin su yaron. Hoton da aka manna a allo kusa da teburin abinci, da bayanin cewa mahaifinsa ba ya aiki, mahaifiyarsa ba ta iya karatu ba, yana nan a intanet har ranar da zai nemi aure ko aiki. Mai bikin zai sami tafi, tagwansa kuma ya zama abin nuni.

Addinin masu bikin ya daɗe da ganin wannan rami. Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba wanda ya yi likitanci a fadar Ayyubawa a Misra ya rasu a 1204, ya jera sadaka hawa takwas a littafinsa Mishne Tora. Na ƙoli shi ne ka tsai da mutum da ƙafafunsa, ta rance ko haɗin jari ko aiki, har ya daina buƙatar kowa. Mai bi masa shi ne mai bayarwa da mai karɓa kada su san juna. A hawa biyun da ke ƙasa da wannan ya kawo misalin malaman da ke zagayawa a ɓoye suna jefa kuɗi a ƙofofin mabuƙata, da waɗanda ke ƙulle kuɗi a zane su rataya a bayansu don mai ɗauka ya ɗauka ba a haɗa ido ba. Tsofaffin littattafansu sun ce a Haikalin Ƙudus akwai wani ɗaki da masu hali ke ajiye sadaka a asirce, 'ya'yan mutunci da talauci ya kama su je su ɗiba a asirce. A littafinsu Talmud akwai labarin malami Yannai da ya ga wani ya miƙa wa matalauci kuɗi a bainar jama'a, ya nuna masa cewa da bai ba shi ba ya fi, tun da ya kunyata shi. Musulmi zai ji duk wannan ba baƙo ba ne a kunnensa, ko da yake hakan bai hana mu jera zawarawa a rana kowane azumi, kowace riƙe da ledar shinkafa, ana jiran mai hoto ba.

Masu shirya haɗin suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Zuciya fuska take bi, ba lissafi ba. A 2007 Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic suka wallafa gwajin da ya nuna mutane sun fi ba da kuɗi in aka nuna musu yarinya guda, Rokia 'yar shekara 7 daga Mali, a kan in aka ba su alƙaluman miliyoyin da ke cikin yunwa. Da aka haɗa labarinta da alƙaluman ma, kyautar raguwa ta yi. In manya haka suke, ina ga yaro? Ka ce masa ya saka kuɗinsa a asusu, zai saka ya manta. Ka ce masa ga sa'anka, ga abin da yake so, ga ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya, zai iya riƙe abin har girmansa. Iyayen da ke neman abin da zai rage wa bikin almubazzaranci, ya tuna wa yaro cewa balaga nauyi ce, ba su yi kuskure ba da suka nemi fuska.

Sai dai amfanin tarbiyyar yana komawa ga mai bayarwa ne, kuɗin kunyar kuma mai karɓa ke biya. A ganina ba daidai ba ne a gyara halin ɗan mai hali da mutuncin ɗan talaka, ko da an biya. Kuma ba dole ne a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba. Yaron biki yana iya sanin tagwansa ba tare da baƙi ɗari biyu sun san shi ba. A wasiƙa a san juna, a zaure a ambaci sunan farko kawai, ko a ce wani sa'ana. A nemi yardar iyayen yaron, da tasa, yarda ta gaske wadda in sun ƙi taimakon ba zai tsaya ba. Kuɗin ya shiga ajinsu ko makarantarsu ko bikin haɗaka, yadda ba za a nuna mutum ɗaya da yatsa ba. Kafin yaro ya hau dandamali, uwa ko uba su karanta jawabinsa da tambaya ɗaya a rai: da tagwan nan yana zaune a sahun gaba da mahaifiyarsa, suna jin kowace kalma, za su ɗaga kai ko za su sunkuyar?

Akwai wani ɓangare na rufin asiri da ba a cika tunawa da shi ba, wato ka bar mutum shi ma ya ba ka. Yahudawan Habasha sun san ciwon rashin haka. A Janairun 1996 jaridar Ma'ariv ta fallasa cewa hukumar tara jini ta Isra'ila tana karɓar jinin da suka bayar sannan ta zubar a ɓoye, don tsoron ƙanjamau. Dubbai suka yi zanga-zanga a ƙofar ofishin Firaminista Shimon Peres, aka yi arangama da 'yan sanda, har aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon shugaban ƙasa Yitzhak Navon. Mutanen da aka shekara goma ana nuna su a matsayin waɗanda aka ceto, ran da suka miƙa hannu don su bayar, sai aka karɓa da murmushi aka watsar. Wanda kullum shi ake yi wa, ba a taɓa neman komai a wurinsa ba, an rage masa wani abu ko da cikinsa a ƙoshe yake.

Yaron Habashan nan yana da abin bayarwa. Kakanninsa sun riƙe Attaurarsu da harshen Ge'ez, suna kiranta Orit, malamansu da ake ce wa kes suna karanta ta ƙarni bayan ƙarni a ƙauyukan Gondar da Tigray, nesa da sauran Yahudawan duniya. Suna da idin Sigd, kwana 50 bayan ranar kaffararsu, inda a can gida ake azumi a hau dutse sanye da fararen kaya ana addu'a, idin da majalisar Isra'ila ta sa cikin bukukuwan ƙasa a 2008. Da wuya yaron New Jersey ya san wannan, kuma malamin da ke shirya shi don biki zai iya sa shi ya fara wasiƙarsa da tambaya a kai, ya roƙi a bayyana masa yadda kakar tagwansa take yin idin, ya kuma jira amsa kafin ya rubuta jawabinsa.