Ajali da Sababi: Ƙiba da Ciwon Zuciya Tsakanin Maza da Mata

A Mada da Tsafe da Bungudu, idan magidanci ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa kafin a kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, abin da masu ta'aziyya suke faɗi shi ne kwana ya ƙare. Maganar gaskiya ce a aƙidar Musulmi, sai dai tana tayar da tambayar da malaman tauhidi suka daɗe suna tattaunawa: shin imani da ajali, wato wa'adin da Allah ya yanke wa kowane rai, yana sauke wa mutum nauyin kula da sababi, wato hanyar da aka saba ganin abu yana aukuwa ta cikinta?

Ƙiba tana cikin sabuban da likitoci suka tabbatar, domin tana jawo hawan jini da ciwon suga da toshewar jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019. Amma haɗarin bai zo wa jinsunan biyu da fuska ɗaya ba. Namiji yakan tara kitse a ciki, kewaye da hanta da hanji, wanda shi ne kitse mafi illa, alhali mace mai haila takan tara nata a ƙugu da cinyoyi, sannan sinadarin estirojin da jikinta ke samarwa yana ba jijiyoyinta wata kariya. Wannan ne ya sa ciwon zuciya yakan riski maza da wuri, mata kuwa yakan jinkirta musu da kimanin shekara goma, har lokacin da haila ta ɗauke, kitsen ya koma ciki. Shi ya sa ma awon ya bambanta: zagayen cikin da ya wuce santimita 102 ga namiji, ko 88 ga mace, alama ce ta babban haɗari.

Wannan bambanci halitta ce da babu hannun ɗan Adam a cikinta, amma abin da al'ada ta ɗora a kansa aikin mutane ne, kuma a nan hisabi yake shigowa. Ana kallon tumbin ɗan kasuwa a matsayin shaidar hutu da wadata, ana yabon amarya da cewa ta murje, har wasu 'yan mata suna shan ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe", waɗanda a cikinsu akwai masu tayar da hawan jini da suga. Haka nan tun a shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, suka danganta kasawar zuciya bayan haihuwa da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego, ko da yake binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna cewa talauci da ƙarancin wasu sinadaran abinci suna da nasu kason, abin da ke tunatar da cewa siririya ma ba ta tsira ba.

Shari'a ba ta ɗauki ajali da sababi a matsayin kishiyoyi ba. Lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham, kuma da Abu Ubaida ya yi masa inkari, sai ya bayyana masa cewa kauce wa cuta shi ma yana cikin ƙaddarar Allah. Suratul A'araf ta halatta ci da sha tare da hana wuce iyaka, hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, kuma malaman usulu, wato masana tushen hukunce-hukunce, sun lissafa kiyaye rai cikin manufofin shari'a biyar.

Saboda haka ba a tuhumar namiji a kan inda jikinsa ke ajiye kitse, ba a kuma yaba wa mace a kan jinkirin da halittarta ta ba ta. Abin tambaya shi ne abin da kowannensu ya yi bayan ya sani. Magidancin da ya ƙi auna jininsa, da mijin da ya hana matarsa zuwa asibiti, da uwar da ta ɗura wa 'yarta maganin ƙiba, ba su da hujjar fakewa da ajali, domin ajali gaibu ne da aka ɓoye musu, sababi kuwa amana ce da aka damƙa a hannunsu.