Wa Ya Cancanci Yanke wa Maƙwabci Hukunci? Darasi Daga Kotun Ƙonni

A watan Mayu na 2014, kotun manyan laifuka da ta zauna a Birnin Ƙonni ta yanke wa wani dattijo mai shekara 63 hukuncin ɗaurin shekara huɗu da tarar jika 250, bayan ta same shi da laifin bautar da wata yarinya da ya ajiye a gidansa a matsayin wahaya. Wannan shi ne karo na farko da irin wannan kotu ta kama wani da babban laifin bauta a Nijar, shekara goma sha ɗaya bayan dokar 2003 da ta shigar da laifin cikin kundin hukunci. Dokar kuwa ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Hukuncin ya bar mutane da zuciya biyu: wasu na murna an kama mai laifi, wasu na tambaya me ya sa aka sauko ƙasa da abin da doka ta ajiye. A ƙarƙashin wannan muhawara akwai wata tsohuwar tambaya: wa ya fi cancanta ya yanke wa mutum hukunci, maƙwabtansa da suka san shi, ko baƙon alƙali da ya san doka?

Tambayar ba ta fanko ba ce, domin kotun da ta yi wannan zama, wadda ake kira Cour d'assises da Faransanci, ta haɗa ɓangarorin biyu. A cikinta akwai alƙalai ƙwararru, akwai kuma ƴan ƙasa da ake ɗaukowa daga cikin jama'a, a rantsar da su, su taya alƙalai yanke hukunci. Nijar ta gaji wannan tsari daga Faransa, inda aka kafa shi a 1791 bayan juyin juya hali, ta kuma zuba shi cikin kundin tsarin shari'ar laifuka na 1961. Abin da ake nema ga mai taya alƙali ba sanin littafi ba ne; ana neman ya saurari shaida, ya auna, ya faɗi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. A 2019 an sake fasalin shari'ar manyan laifuka, aka maida ita ga zauruka na musamman a cikin manyan kotuna, amma sauyin tsari bai kashe tambayar ba.

Hujjar masu goyon bayan hukuncin maƙwabta tana da ƙarfi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Manomin Dogarawa ko ɗan kasuwar Illela ya san abin da ake nufi idan shaida ya sunkuyar da kai ya yi shiru, ya san nauyin kalmar da tafinta zai fassara da sauƙi, ya san wanda ke tsoron wa a cikin gari. Alƙalin da aka turo daga Yamai, wanda wata rana za a ɗauke shi zuwa Difa ko Agadas, yana iya sanin kowace aya ta doka bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ban da haka, ƴan ƙasa garkuwa ne idan mai mulki ya so mayar da kotu bulala. A Landan, a 1670, masu taya alƙali sun ƙi kama William Penn da laifi saboda wa'azin da ya yi a kan titi. Aka tsare su ba ci ba sha, aka ci su tara, suka tsaya a kan bakansu, har wata kotu ta tabbatar da cewa ba a hukunta mai taya alƙali saboda abin da ya yanke.

Sai dai abin da ya zama ƙarfin maƙwabci shi ne kuma rauninsa. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Laifin da aka saba gani yakan daina zama laifi a idon mai ganinsa. A Amurka, a 1955, wasu fararen fata goma sha biyu a jihar Misisipi sun wanke mutum biyu da ake tuhuma da kisan Emmett Till, yaro baƙar fata mai shekara 14, bayan shawarar da ba ta wuce sa'a ɗaya da ƴan mintoci ba. Ƴan watanni bayan haka mutanen biyu suka amsa laifin a wata mujalla. Waɗannan masu hukunci ba jahilcin garinsu ya ɓatar da su ba, saninsa ne ya ɗaure su. Haka lamarin wahaya yake a yankin Ƙonni, Illela, Madawa da Buza. Wanda ya sayi yarinya ya ajiye ta bayan mata huɗu, ba sadaki ba ɗaurin aure, sau da yawa mai hali ne, mai faɗa a ji, wanda ake haɗuwa da shi a masallaci da wurin suna. Mai taya alƙali zai fita daga kotu ya koma cikin garin nan, ya gaisa da dangin wanda ya ɗaure. Ita kuwa wadda aka zalunta, galibi ba ta da dangin da za a ji kunyarsu.

Da a nan maganar ta tsaya, sai a ce mafita ita ce a bar wa ƙwararru shari'a. Amma tarihin kotun Ƙonni kanta ya rushe wannan zato. A 1996 aka sayar da Hadijatu Mani, tana da shekara 12, a kan jika 240. A 2005 ubangidanta ya ba ta takardar ƴanci, amma ya hana ta tafiya, yana cewa matarsa ce. A watan Maris na 2006 kotun farko ta Ƙonni ta ce babu aure, tun da ba sadaki, ba ɗaurin aure, ba yardarta. A watan Yuni babbar kotun Ƙonni ta soke wannan hukunci, tana mai kafa hujja da halaccin auren ɗa da baiwa. Da ta auri mutumin da take so, tsohon ubangidanta ya kai ƙara, kuma a ranar 2 ga Mayu 2007 aka yanke mata ɗaurin wata shida da tarar jika 50 bisa laifin aure kan aure, ita da ɗan'uwanta da mijin. Ta yi wata biyu a gidan kaso kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta ba da umurnin sakinta. Duk waɗannan matakai babu ƴan ƙasa masu rantsuwa irin na kotun manyan laifuka a cikinsu. Waɗanda suka karanci doka ne suka ga baiwa a gabansu, suka tsaya neman ko auren ya ɗauru.

A nan ne aikin mai shigar da ƙara na gwamnati ya fito fili. Kafin kowane alƙali ko mai taya shi ya buɗe baki, akwai wanda ya riga ya zaɓi ƙarar da za ta shiga da wadda za ta kwana a aljihun tebur, ya kuma zaɓi sunan da za a ba laifin. Dokar 2003 tana nan da ranta lokacin da aka ɗaure Hadijatu, amma ƙarar aure kan aure ce ta yi gudu, ta bauta ta yi rarrafe. Abin da kotun CEDEAO ta kama ke nan a hukuncinta na ranar 27 ga Oktoba 2008: ta ce hukumomin Nijar sun ga bauta ba su yi tir da ita ba, ba su kuma tashi tsaye don hukunta ta ba, ta umurci gwamnati ta biya diyyar miliyan 10 na sefa. Shiru ma hukunci ne, kuma shi ne hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Ashe ke nan rabon bai tsaya tsakanin maƙwabci da baƙo ba. Kowannensu na iya makancewa: ɗaya da sabo, ɗaya da takarda. Abin da ke raba hukunci na gaskiya da na son zuciya shi ne ko mai yankewa ya iya ganin duka ɓangarorin biyu a matsayin mutane masu daraja ɗaya. Jinƙai abu ne mai kyau a shari'a, kuma ba laifi ba ne a duba tsufan wanda ake tuhuma ko nadamarsa. Amma jinƙan da ke gangarowa kullum zuwa ga mai rawani, ya tsallake mai tulu a ka, ya tashi daga jinƙai ya koma kara. Shekara huɗu na iya zama adalci idan haka za a sassauta wa ɓarawon shanu. Idan kuwa ba haka ba ne, to ma'aunin ya karkace.

Duk da haka, hukuncin 2014 yana da wata daraja da hukuncin 2008 bai da ita. Na CEDEAO daga sama ya sauko, kuma mai son musu zai iya cewa baƙi ne suka faɗa. Na Ƙonni kuwa a cikin gari aka yanke shi, ƴan ƙasa na zaune tare da alƙalai, bayan ƙoƙarin ƙungiyar Timidria da ta daɗe tana fafutukar yaƙi da bauta tun kafuwarta a 1991. Al'ada ba ta mutuwa ranar da aka rubuta doka; tana mutuwa ranar da waɗanda suka tashi a cikinta suka kira ta da sunanta. A 2019 babbar kotun ƙasa ta ƙara ƙarfafa wannan, da ta ce ajiye mace ta biyar da sunan wahaya ba shi da gurbi a doka.

Tun daga watan Janairu na 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, don haka nauyin ya ƙara komawa kan kotunan gida. Yarinyar da ke wani ƙauye na Malbaza ba ta da wata ƙofa da ta fi ofishin mai shigar da ƙara na Ƙonni kusa. Saboda haka abu biyu suka zama wajibi. Na farko, duk inda aka kira jama'a su sa baki a shari'a, a tabbata kalmar jama'a ta haɗa da mata, da talakawa, da zuriyar waɗanda aka bautar, domin maƙwabcin wanda ake tuhuma ba shi kaɗai ne maƙwabci ba. Na biyu, mai shigar da ƙara ya riƙa tuna cewa za a auna shi da ƙarar da ya bari kamar yadda za a auna shi da wadda ya ɗauka. Garin da ya iya yanke wa babbansa hukunci saboda ƙaramarsa, shi ne garin da ya cancanci a bar masa shari'ar ƴaƴansa.