Inuwar ƙusa a bangon Vermeer

A gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam akwai wani ɗan zane da tsawonsa bai kai rabin mita ba, wanda Johannes Vermeer, mutumin Delft, ya yi da fentin mai wajen 1660. Wata 'yar aiki ce tsaye a kicin tana tsiyaya madara daga tulu, haske na shigowa ta taga. Kowa hasken yake yabo. Ni kuwa idona kan wata ƙusa yake tsayawa, can sama a bango, ba a rataya mata komai ba, amma an zana mata inuwarta, 'yar siririya.

Shin inuwa wani abu ce, ko rashin abu? Masana falsafa irin su Augustine, da Ibn Sina bayansa, sun tafi a kan cewa sharri ba shi da samuwa ta kansa, rashin alheri ne kawai, kamar yadda duhu yake rashin haske. In haka ne, Vermeer ya ɓata fenti wajen zana babu. To amma a goge inuwar nan a gani: ƙusar za ta koma ɗigon datti, ba wanda zai san ta ɓullo daga bango. Haka ninkin shuɗin zanen da matar ta ɗaura, wanda aka niƙa launinsa daga dutsen lazuward mai tsadar gaske. Inda haske bai kai ba, shuɗin bai koma baƙi ba, ƙara zurfi ya yi, kuma daga nan ake jin nauyin yadin.

Malaman fiƙihu, a ganina, sun riga masana falsafa gane wannan. Da Malikiyya suka zo hukuncin sura, sai suka raba mai inuwa, wato mutum-mutumi, da wadda aka zana a shimfiɗe, suka tsananta kan ta farko. Inuwa suka ɗauka shaidar cewa abu yana da jiki. Da ita kuma ake auna shigar La'asar. Suratul Furƙani ta lissafa miƙe inuwa cikin ayyukan Ubangiji, kuma ba a jingina wa Mahalicci aikin babu.

Na san za a ce min inuwar ƙusa daban, wahalar ɗan Adam daban, kuma da gaskiyar mai faɗa. Sai dai maganar "rashi ne kawai" ta fi daɗi a bakin wanda abin bai shafa ba. Vermeer ya rasu a 1675 yana da shekara 43, ya bar 'ya'ya 11 da bashi iya wuya. Bashi ma a takarda rashin kuɗi ne kawai, amma sai da matarsa Catharina Bolnes ta miƙa wa mai gidan burodi zane biyu na mijinta a madadin kuɗin burodin da ya haura gilda 600.