GIRGIZAR ƘASA A KWOI: HUKUNCIN ALLAH NE?

Karatu: Luka 13:1-5. Shugaban ƙungiya ya karanta da murya, sauran su bi shi a hankali.

Mu mutanen Fadan Kagoma ba mu manta da abin da ya sami maƙwabtanmu na Kwoi ba. Ran Lahadi 11 ga Satumba 2016, da kashegari kuma, ƙasa ta yi ruri kamar tsawa, ta girgiza. Bangayen ɗakuna suka tsage, mutane suka fita waje da gudu. A shekara ta 2023 kuma cuta ta faɗa wa gonakin citta a ƙasar nan, wahalar shekara guda ta ruɓe cikin ƙasa. Kowane loto irin wannan ya faru, tambaya ɗaya takan tashi a kasuwa da bakin ƙofar masujada: wane zunubi aka yi? Bari mu bincika Maganar Allah, domin kada mu ɗora wa 'yan'uwanmu kaya bisa kaya.

1. Allah mai hukunci ne

Kada kowa ya ruɗi kansa. Allah ya hallaka duniya da ruwan tufana a kwanakin Nuhu, ya kuma ƙone Saduma da wuta. Amma ku lura da abu ɗaya: shi da kansa ya faɗi dalilin. Ya gargaɗi Nuhu tun ruwa bai sauko ba, ya kuma bayyana wa Ibrahim nufinsa tun wuta ba ta faɗo ba. Inda Allah ya yi magana, sai mu gaskata. Inda ya yi shiru kuwa, wane ne mutum da zai sa masa magana a baki?

2. Amsar Yesu

Cikin karatunmu Ubangiji Yesu ya ambaci hasumiya ta Siluwam, wadda ta faɗa wa mutum 18 ta kashe su. Ya tambayi masu jinsa ko waɗannan sun fi sauran mazaunan Urushalima laifi ne. Shi da kansa ya amsa, ya ce ba haka ba ne. Sa'an nan ya juyo da maganar a kan masu tsaye da rai, ya kira su zuwa ga tuba. Sun zo domin su auna zunubin matattu, sai ga shi nasu aka ɗora a mizani.

Haka yake a Kwoi. Tun shekara ta 1910 mishan ta SIM ta kafa zango a can, bishara kuwa ta yi saiwa a garin. Ƙasa ta girgiza ƙarƙashin mai bi da marar bi duka ɗaya. Wanda ɗakinsa ya tsage bai fi wanda nasa ya tsaya mugunta ba.

3. Kuskuren abokan Ayuba

Iska mai ƙarfi ta rushe gida a kan 'ya'yan Ayuba goma. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zauna tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. A nan sun yi daidai. Da suka buɗe baki kuwa, sai suka nace lalle yana da ɓoyayyen zunubi. A ƙarshen littafin Ubangiji ya husata da su, gama ba su faɗi gaskiya a kansa ba, sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Ɗan'uwa, in cittar maƙwabcinka ta ruɓe taka ta tsira, ka tsare harshenka, kada ka zama na huɗunsu.

4. Halitta tana nishi

Masana sun nuna cewa duwatsun da ke ƙarƙashin ƙasa suna da tsaga. Sa'ad da nauyi ya taru, gefe ɗaya yakan gurgusa, abin da ke bisa ya motsa. Ciwon citta kuma ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa cikin danshi. Sanin wannan ba ya rage ikon Allah ko kaɗan, gama shi ne ya kafa dutsen. Bulus ya koya mana cikin Romawa sura 8 cewa dukan halitta tana cikin azaba, tana jiran fansa. Wato masifa shaida ce cewa duniya ta lalace tun faɗuwar Adamu, ba kuwa ta nuna mana wane gida ya fi wani laifi ba.

5. Me za mu yi?

Na fari, mu tuba. Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kowa ya binciki zuciyarsa yau, tun ƙofar alheri tana buɗe.

Na biyu, mu taimaka. A zamanin Kaisar Kalaudiyas, da masu bi na Antakiya suka ji za a yi yunwa, ba su zauna binciken laifin mutanen Yahudiya ba. Kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, suka aika ta hannun Barnaba da Shawulu. Mudun masara, da irin shuka, da yini guda na kwaɓa ƙasa domin gyaran bangon gwauruwa, su ne wa'azin da mai baƙin ciki yakan ji.

Na uku, kada mu ji tsoro. Hukuncin zunubinmu ya riga ya sauka a kan Kristi bisa gicciye, a ranar kuwa ƙasa ta girgiza. Wanda ya ɓuya a cikinsa yana tsaye a kan dutsen da ba ya motsi.

Tambayoyi

(a) Don me Yesu ya ƙi auna zunubin waɗanda suka mutu a Siluwam?
(b) Ka taɓa yanke wa wani hukunci a zuciyarka saboda hasararsa? Me ya kamata ka yi yanzu?
(c) Wane gida ne a unguwarku yake bukatar gudummawar ƙungiyar nan cikin makon nan?

A rufe da addu'a domin manoma, da gwauraye, da dukan waɗanda masifa ta taɓa.